Ruwan AdBlue a jarkar gazuwal: asarar da ke jiran masu manyan motoci a hanyar Dutsi

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso, Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni ya san cewa jarka ita ce ƙashin bayan sufuri a Arewa. A jarka ake sayar da esansi, a jarka ake ɗebo ruwa, a jarka ƙaren mota ke ajiye gazuwal na ko-ta-kwana. Yanzu wani baƙo ya shigo sahun abubuwan da ake ɗurawa a jarka, kuma shi ba ya jure wulaƙancin da sauran suka saba jurewa. Sunansa AdBlue, ruwan da manyan motocin zamani masu amfani da gazuwal ke sha don tsaftace hayaƙinsu.

Wannan jarida na ganin ya kamata a yi maganar tun yanzu, kafin a saba da ɓarna. Yawancin manyan motoci da ake shigowa da su Nijar na hannu ne, daga Turai. Ƙa'idar hayaƙi ta Turai ga manyan motoci ta tsananta a mataki-mataki: Euro IV a 2005, Euro V a 2008, sai Euro VI a 2013 zuwa 2014. Tun daga matakin farko kamfanoni da dama suka zaɓi na'urar da ke aiki da AdBlue, a mataki na ƙarshe kuwa kusan babu babbar motar da ba ta da ita. Ke nan tsofaffin tireloli da ba su san wannan ruwa ba suna ƙarewa a kasuwannin Jamus da Beljiyam da Faransa, kuma abin da ɗan'uwanmu da ke zaune can zai iya saya ya aiko wa gida, galibi, mota ce mai ƙaramin tanki na biyu mai shuɗin murfi a gefen na gazuwal.

Abin da ke cikin tankin ba wani asiri ba ne. Yuriya ce tsantsa kashi 32.5 cikin ɗari, sauran kashi 67.5 ruwa ne da aka tace aka cire masa duk wani gishiri da ƙarfe. Ba a haɗa shi da mai. Wani ɗan famfo ne ke fesa shi cikin bututun hayaƙi, zafi ya mayar da shi amoniya, ita kuma amoniyar ta haɗu da iskar guba da injin gazuwal ke fitarwa a cikin wata tukunyar tacewa, su koma iskar naitrojin da tururin ruwa. Sunan AdBlue mallakin ƙungiyar masu ƙera motoci ta Jamus ne, ma'aunin ingancinsa kuma yana rubuce a ƙa'idar duniya mai lamba ISO 22241. Babbar mota kan sha kimanin lita 5 a duk lita 100 na gazuwal, wata ta ɗara, wata ta gaza. A ce tirela tana ƙona lita 35 a kilomita 100: daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, za ta buƙaci wajen lita 15 na AdBlue. Direban da bai da tabbacin samun sa a kan hanya dole ya ɗauko nasa a jarka, kuma a nan ne matsalar take farawa.

Abokin gaba na farko shi ne zafi. Ƙa'idar da muka ambata ta nuna cewa ruwan da aka ajiye a wurin da bai wuce digiri 25 ba yana kai wata 18 da ingancinsa. A digiri 30 wata 12 ne. A digiri 35 wata 6 kacal. Idan ya zarce haka, sai an gwada kafin a zuba. Turawa fargabarsu ita ce ya daskare, domin yana zama ƙanƙara a digiri 11 ƙasa da sifili, abin da ba zai taɓa faruwa a Matankari ko Gecheme ba. Mu namu tsoron na watan Afrilu da Mayu ne, lokacin da ma'auni ke wuce 40 a inuwa. Jarkar da aka ɗaure a bayan kan mota, ko aka jera a bakin kwalta don mai saye ya hango daga nesa, tana shan zafin da ya fi na inuwa nesa ba kusa ba. Yuriyar na rugujewa a hankali, warin amoniya na tashi, idan murfin bai rufu da kyau ba ruwan na ƙafewa ma'aunin ya sauya. Ido ba ya ganin wannan. Ruwan yana nan garau kamar na famfo, har ranar da fitila ta kama a gaban direba.

Na biyu shi ne jarkar kanta, kuma a nan muke son tsayawa, domin a nan al'adarmu ta yi karo da abin da na'urar ke so. A wurinmu jarka ba ta mutuwa. Wadda ta kawo man gyaɗa jiya ita ce ta gazuwal yau, gobe a ɗauraye ta da omo a kai ta rijiya. Ga AdBlue wannan ɗaurayewa ba ta wanke komai. Ɗan ragowar gazuwal ko baƙin mai ya isa ya kumbura robobin famfo ya lalata tukunyar tacewa. Ragowar omo haka. Ruwan rijiya da aka yi ɗaurayar da shi yana ɗauke da gishiri da farar ƙasa, su kuma suna daskarewa a bakin mafeshi su toshe shi. Gangar ƙarfe ta fi muni: ruwan na cin baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, tagulla, tutiya da alminiyam, ya kwashi tsatsarsu ya kai cikin na'ura. Abin da aka yarda da shi shi ne roba mai kauri irin wadda kamfani ya sayar da ruwan a ciki, ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Har mazurari sai ya zama nasa shi kaɗai. Mazurarin gwangwani da ƙaren mota ya zuba mai da shi da safe ba shi da hurumi kusa da shuɗin murfi, tsumman da ake tace esansi da shi ma haka. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ba ta neman izini kafin ta shiga buɗaɗɗiyar jarka.

Wani zai ce ai mun daɗe muna zuba wa motoci man ruwa-ruwa daga kwalba da jarka, ba su mutu ba. Gaskiya ne tsohon inji na da haƙuri. Shekaru da yawa arahar man Najeriya ta ciyar da dubban matasa daga Tibiri zuwa Dankasari, har zuwa ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, kasuwar ta juya. Waɗannan matasa sun iya ciniki, sun san kowane direba, kuma idan akwai mai neman AdBlue a bakin hanya su ne za su fara kawo shi. Ba mu ga laifinsu a haka ba. Abin da muke tsoro shi ne a ɗauki salon sayar da esansi, a buɗe babbar jarka a riƙa aunawa lita-lita cikin kwalaben da aka tsinto, a ɗora wa kayan da ba ya yafe ko ɗigon datti.

Sai kuma jarrabawar da ta fi kusa da manomi. Kowa a Dallol Mauri ya san takin yuriya, masu noman dankalin turawa a lambunan Dutsi sun fi kowa saninsa. Ba a daɗe da jin cewa AdBlue yuriya ce da ruwa ba, sai wani ya yi lissafi: buhun taki, ruwan leda, sanda ta motsawa, riba ta samu. Takin gona ba tsantsa ba ne. Ana shafa masa sinadarin hana dunƙulewa, yana kuma ɗauke da wasu gurɓatattun abubuwa da shuka ba ta damu da su ba amma na'ura ta damu. Ruwan da aka haɗa haka zai iya yin kama da na gaske a ido, har ma ya tsallake na'urar auna ƙarfi ta motar na ɗan lokaci, kafin ya bar farin dutse a cikin bututu. Abin ban haushi shi ne yankinmu ba ya rasa yuriya. Masana'antar takin Dangote da aka ƙaddamar a Legas a Maris 2022 an gina ta ne don tan miliyan 3 a shekara, ga ta Indorama a kusa da Fatakwal. Samun yuriya mai yawa dabam, samun wadda ta kai tsarkin da mota ke buƙata dabam.

Motar kuwa ba ta da sassauci. A tsarin Euro VI, idan tankin ya ƙare ko kwamfutar motar ta gano ruwan ba na kirki ba ne, tana fara gargaɗi, sannan ta rage ƙarfin inji da kashi 25 cikin ɗari, idan aka yi kunnen ƙashi ta hana motar wuce kilomita 20 a awa. A Turai wannan na nufin ɗan jinkiri zuwa gidan mai na gaba. A nan yana nufin tirela maƙare da albasa ko siminti tana rarrafe tsakanin Dutsi da Ƙonni, a hanyar da ba kowa ke son dare ya riske shi a kai ba, kuma makanikin da ke da kwamfutar karanta matsalar yana Yamai ko Maraɗi. Kuɗin famfo, mafeshi da tukunyar tacewa ya ninka kuɗin jarkar ruwa mai kyau sau da yawa. Wanda zai biya, sau da yawa, shi ne ɗan ci-ranin da ya tara kuɗin motar da guminsa, ya aiko ta don iyali su dogara da ita.

Mun san amsar da gareji da yawa suka samo: a kashe na'urar gaba ɗaya, a sa ɗan akwatin da ke yaudarar kwamfuta ta ɗauka ruwan na gudana. Ba za mu yi kamar ba mu fahimci dalilin ba. Mai mota yana kallon aljihunsa, ruwan na da tsada kuma ba ko'ina ake samun sa ba, gazuwal mai yawan sulfa shi ma yana gajiyar da na'urar. Amma hayaƙin da aka saki ba ya komawa Turai. Mai tuya a bakin tasha, ɗan kabu-kabu da yaran makarantar da ke tsallaka kwalta su ke shaƙar sa, kuma wannan iska sananniya ce wajen tayar da asma da ciwon ƙirji. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen CEDEAO sun amince a Wagadugu cewa man da za a shigo da shi kada sulfarsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan, motoci kuma su cika ƙa'idar Euro 4. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ficewar ba ta sauya huhun kowa ba, kuma babu abin da ya hana gwamnati ko ƙawancen AES ɗaukar wannan ma'auni da sunansu.

Kada kuma a raina batun wadata. A ƙarshen 2021, da Sin ta taƙaita fitar da yuriya, Koriya ta Kudu ta shiga ƙarancin wannan ruwa har aka ji tsoron sufurin kaya zai tsaya, gwamnati ta aika jirgin soja ya ɗebo daga Ostireliya. Ƙasar da ba ta da teku, wadda aka rufe iyakarta da Benin a 2023, kayanta suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ta fi kowa sanin abin da ke faruwa idan kaya ya yi wuya: farashi ya hau, jabu ya cika kasuwa. Kuma ruwan da ya kwashe makonni a kwantena a tashar jirgin ruwa da kan hanya ya riga ya ci wani ɓangare na wa'adinsa kafin ya iso.

Abin da muke nema daga hukuma ba mai yawa ba ne. Hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya, tare da duwan, su tabbatar duk jarkar AdBlue da ta shigo tana ɗauke da ranar haɗawa da lambar ISO 22241, hatiminta kuma bai ɓalle ba. SONIDEP da masu gidajen mai su sa shi cikin kayan da ake samu a manyan tashoshin hanyar, aƙalla a Dosso, Dutsi da Ƙonni, a cikin ɗaki mai inuwa, domin muddin babu na kirki a kusa, direba zai sayi wanda ya samu. Ƙungiyoyin direbobi da na makanikai su sayi ɗan madubin auna ƙarfin ruwa, abu ne da ke shiga aljihu, ɗigo ɗaya ya isa ya nuna ko ma'aunin na kusa da 32.5. Ba ya gano kowace ƙazanta, amma yana kama wanda aka tsarma da ruwa da wanda rana ta ƙafar. Cibiyoyin koyon sana'a na Dutsi da Tibiri su ma lokaci ya yi da za su koya wa ɗalibansu na kanikanci wannan na'ura.

Kai kuma da ke waje kana shirin aiko mota, ka tambayi dillali ko tana shan AdBlue kafin ka biya, ka kuma gaya wa wanda zai tuƙa ta. Ya sayi ƙananan jarkoki masu hatimi, na lita 10, waɗanda zai juye gaba ɗaya a zuba ɗaya, ya ajiye su a inuwa, ya duba kwanan wata, ya goge bakin tanki kafin ya buɗe. Idan ruwan ya zube a jikin mota ko kan wayoyin lantarki a wanke da ruwa nan take, domin yana bushewa ya bar farin gishiri mai cin ƙarfe. Idan aka yi kuskure aka zuba shi a tankin gazuwal, ko aka zuba gazuwal a nasa, kada a kunna inji ko sau ɗaya, a kira makanike ya zuƙe tankin. Jarkar da ta ƙare kuma kada ta shiga gida ta zama ta ruwan sha. Wadda ke da saura a rubuta mata suna a ɗaga ta sama, domin ruwan ba shi da launi duk da sunansa, kuma yaron da ya dawo daga kiwo da ƙishirwa ba zai tsaya bambanta shi da na randa ba.