Ku Gina Aji Inda Yaran Suke

Masu girma gwamnoni, da kwamishinonin ilimi, da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB), maganar nan taku ce. Kun gaza a kan ginin makarantu, kuma kada wanda ya fake da rashin kuɗi.

Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, a hannun hukumar UBEC. Abin da ake nema wurin jiha shi ne ta ajiye nata kason daidai da na tarayya, ta kawo tsarin aikin da za ta yi, a sakar mata kuɗi. A ƙarshen 2024 shugaban hukumar na lokacin, Hamid Bobboyi, ya shaida wa 'yan majalisa cewa sama da naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 suna nan jibge, jihohi ba su zo sun ɗauka ba. A cikin waɗannan shekarun kuɗin buhun siminti ya ninka. Kuɗin da a da za su gina aji goma, yau da ƙyar su tsayar da huɗu. Gwamnan da ya samu kuɗin gadar sama amma ya rasa na cike kason makaranta, ya riga ya faɗa mana matsayin 'ya'yan talakawa a wurinsa.

Ku ma da kuke zuwa ku karɓa ba ku tsira ba, domin tambaya tana nan: ina kuke kai ginin? Ana ƙidayar makarantu, hedimastoci suna cike takardu, kun san mazaɓar da yara suka yi wa azuzuwa yawa. Amma ranar rabon aiki sai a ajiye takardun a ɗauko jerin 'yan siyasa. Makarantar bakin titi ta sha sabon fenti sau biyu saboda ayarin gwamna yana wucewa ta gabanta, ta cikin lungu kuwa ko allo babu.

Ku shiga ajin irin wannan makaranta da safe ku gani. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A nan za ku tarar da sama da ɗari, gwiwa na gugar gwiwa, a kan simintin da ya farfashe ya koma rairayi. Wata yarinya ta zo da buhun shinkafa daga gida don ta shimfiɗa, littafinta a kan cinya. Rabin kwanon rufin iskar farkon damina ta yaye shi tun bara, hadari na haɗuwa sai a kaɗa ƙararrawa kowa ya tafi gida. Malamin ba ya iya ratsawa zuwa layin baya, balle ya duba rubutun kowa. Sannan ku hau mumbari kuna zargin iyaye da ƙin boko!

Mun ga abin da rashin tsari ya yi wa makarantun tsangaya na zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. An buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012, an gina 157 gaba ɗaya, aka miƙa wa jihohi. Ba a tanadi abincin almajirai ba yadda ya kamata, ba a ja alarammomi a jika ba, jihohi kuma suka juya baya. Da yawa sun lalace, bayan an zuba biliyoyi.

Kuma kowane yanki da irin ginin da yake bukata. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, makarantar da ba ta da katanga da ƙofa a yankin da 'yan bindiga ke yawo, wane uba ne zai tura ɗansa? Inda babu banɗakin mata da ruwa, yarinya na fara girma za ta daina zuwa, kuma kun san haka. Inda zafi ke kai wa maƙura, aji yana bukatar silin da manyan tagogi da itatuwa a tsakar fili, rufinsa kuma a ɗaure shi yadda iska ba za ta ɗauke ba. Amma ɗan kwangila ya kafa bulo mai rairayi ya fi siminti yawa, injiniyan ma'aikata ya sa hannu daga ofis bai taka wurin ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗani ƙarshen irin wannan sakaci a 2021, lokacin da gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi, yara sama da 40 suka rasu.

Ku biya kasonku bana, ku kwaso kuɗin da ke Abuja. Ku fito da jerin makarantun da za a yi wa aiki, mazaɓa-mazaɓa, da yawan yaran kowace da kuɗin da aka ware da sunan ɗan kwangila, ku manna a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo da Hausa. Kada a biya kowa kuɗin ƙarshe sai hedimasta da kwamitin iyaye da mai unguwa sun zagaya ginin sun sa hannu.