Kafin Ka Haɗa Injin Sola Da Wayarka, Duba Rautar Da Za Ka Saya

Duk wanda ke harkar sola a Ƙaura Namoda ya san kiran nan na sassafe: famfon burtsatse ya tsaya a Zurmi, ko inbatar wani injin casa a Shinkafi tana ƙara. Da can sai dai ka hau mota, kuma kowa ya san halin da hanyoyin nan suke ciki. Yanzu matasa da dama sun gane cewa ana iya haɗa inbata da intanet, ka duba ta a wayarka kana zaune a gida. Dabarar tana da kyau, sai dai da yawa na ɓata ta tun daga wajen sayayya: su ɗauki MiFi na kasuwa su cusa a akwatin inji. A ganina wannan araha ce da ba ta ado.

MiFi na ɗaki ne. Batirinta na iya kumbura a akwatin ƙarfe cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kuma idan ta maƙale sai an samu mai kashe ta ya kunna. Rautar masana'antu, irin Teltonika RUT956, an yi ta ne don irin wannan wuri. Tana ɗaukar wuta kai tsaye daga batir tsakanin bolt 9 zuwa 30, tana jure zafi har digiri 75, tana da gurbin layi biyu da mahaɗar RS485 da inbatoci da yawa ke magana ta cikinta. Idan intanet ya ɗauke tana sake kunna kanta, kana ma iya ba ta umarni da saƙon tes. Ba tallar kamfani nake yi ba, waɗannan siffofin za ka nema a kowace iri.

Sai batun sabis. Tambayi mai kaya waɗanne band na 4G na'urar ke kamawa. A Najeriya ka nemi 3, 7, 20 da 28. Glo na amfani da 28, don haka rautar da ba ta da shi ba za ta ba ka 4G ɗin da kake tsammani a kansa ba. Ka zaɓi mai wurin ɗaura eriyar waje, kuma wadda ke iya komawa 2G, domin a ƙauye wani lokaci shi kaɗai ake samu.

Babban abin dai shi ne tsaro. A Nuwamban 2023 masu kutse sun shiga na'urar Unitronics ta hukumar ruwan garin Aliquippa a Amurka, har ma'aikata suka koma sarrafa famfo da hannu. Irin na'urar na zuwa daga kamfani da lambar sirri 1111, hukumomin Amurka kuma suka gargaɗi masu amfani da ita su canza. Kar ka ce wa zai damu da famfon Zurmi. Masu kutse ba sa duba sunan gari. Manhajojinsu na bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya dare da rana, duk ƙofar da suka tarar a buɗe sai su faɗa.

Saboda haka kar ka buɗe injinka kai tsaye ga intanet. Nemi rauta mai WireGuard ko OpenVPN, wadda ita za ta fita ta haɗu da sabarka ta ɓoyayyar hanya, sai mai maɓalli kaɗai ya shiga. Canza kalmar sirri tun ranar farko. Ka duba ko kamfanin har yanzu yana fitar da sabuntawa ga samfurin. Yaron shagon da ya bar aiki, a soke maɓallinsa a ranar.

Akwai kuma darasin da mutanen Zamfara suka fi kowa sani. A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a duk jihar. An ce mako biyu ne, amma wajen Gusau sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin mayar da shi. A irin wannan hali layi biyu ba ya tsinana komai, tunda duka aka rufe. Don haka a tsara injin yadda zai ci gaba da aiki da kansa, ya ajiye bayanansa, kuma a samu wani a garin da ya iya kunna shi da hannu. Aikin rauta ka gani daga nesa, ka gyara ƙananan abubuwa. Idan famfo ba ya tashi sai da umarnin wayarka, ranar da sabis ya ɗauke unguwa guda za ta kwana ba ruwa.

Na san za a ce tsada. Gaskiya ne, rautar masana'antu ta ninka MiFi kuɗi sau da yawa. Amma ka lissafa kuɗin mota zuwa Shinkafi da dawowa sau uku, da ranakun da injin zai yi a tsaye, da kasadar hanya da ba ta da farashi. Idan mai inji ya ce ba zai biya ba, gara ka ce masa a bar injin ba intanet har ya shirya.