Hanta Ba Ta Sanin Niyyar Mai Shan Magani

A kemis-kemis da kasuwannin birnin Sakkwato ba wuya a sami ƙwayar deksametazon. Aikinta na asali shi ne kwantar da kumburi, kuma a 2020 binciken Jami'ar Oksfod ya nuna tana ceton masu korona da numfashi ya gagara. Amma wasu 'yan mata sun mayar da ita maganin ƙiba, tana cikin waɗanda ake kira "sha ka fashe". A ganinmu wannan ganganci ne, kuma hanta ce shaidarmu.

Cikin ƙwayoyin halittar hanta akwai wasu sinadarai da ake kira makarɓai. Kowannensu tamkar kwaɗo yake, magani kuwa mabuɗi. Idan deksametazon ta buɗe nata kwaɗon, sai hanta ta shiga ƙera sukari tana zubawa cikin jini, tana kuma tara kitse. A 2011 masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka gano cewa wani makarɓi mai suna LXR-beta yana da hannu a wannan ɓarna. Ɓerayen da ba su da shi an ba su maganin, sukarinsu bai hau ba, hantarsu ba ta yi kitse ba, alhali maganin ya ci gaba da danne garkuwar jiki. Ke nan hanyar amfani daban, hanyar illa daban. Sai dai a ɓera aka ga haka. Mutum yana nan da makarɓinsa.

Wani zai ce ai likitoci ma suna bayar da ita. Haka ne, amma likita yana auna yawanta da kwanakin sha, yana duba sukarin jini, sannan ya rage ta sannu a hankali, domin yanke ta farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya kai mutum kushewa. Mai sayarwa a tire bai san wannan ba. Ƙibar ma ta bogi ce: fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙashi ya yi rauni.

Don haka muna kira ga hukumar NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna su tsananta sa ido. Malaman kimiyya su kai zancen cikin aji. Wadda ta riga ta fara kuwa, ta nemi likita, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a asibitin unguwa, kafin ta daina. Rigakafi dai ya fi magani.