Filin Ilmi: Wa Ya Raɗa Wa Ruwa Suna?

Mu malaman makaranta mukan koya wa yara cewa teku ruwan gishiri ne mai haɗe da sauran tekunan duniya, tafki kuwa ƙasa ce ta kewaye shi ta ko'ina, kogi shi ne mai gudu daga tudu zuwa gangare. Yara su haddace tsaf. Amma da zarar an rataya taswira a jikin allo sai ta shiga ƙaryata mu, domin sunaye da yawa da ke cikinta ba su bi wannan ƙa'ida ba. Dalili kuwa, yawancin sunayen nan baƙo ne ya raɗa su, bisa abin da idonsa ya gani ran da ya iso, ko abin da ya zata, sa'an nan aka rubuta a takarda, takarda kuwa ba ta bin ruwa in ya sake hali.

Mu fara da gida. Cikin 1472 matuƙan jiragen ruwa na Fotugal suka iso bakin kogin nan na Duwala da a yau ake kira Wuri, suka tarar da shi maƙil da wani irin jatan lande, sai suka ce masa Rio dos Camarões, watau kogin jatan lande. Alhali halittar nan ba kullum take fitowa haka ba, sai bayan 'yan shekaru takan yi ambaliya ta 'yan kwanaki ta ɓace. Baƙi sun yi katari da lokacinta ne kawai. Daga nan sunan ya bar kogi ya hau ƙasa, Jamusawa suka ce Kamerun, mu muka ce Kamaru. Ga shi yau mutumin Kusiri, wanda bai taɓa ganin teku ba, yana yawo da sunan jatan landen Duwala a katin shaidarsa.

Mutanen Garwa su ma su saurara. Akwai lokacin da Turawa ke rubuta Binuwai da sunan Chadda a taswirorinsu, don sun ɗauka daga Tafkin Chadi yake fitowa. Sai cikin 1851 Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya iso inda Faro ke shiga Binuwai, ya ji sunan da masu ƙasa ke kiransa, ya kuma ga ta inda ruwan ke gangarowa. Mafarin Binuwai tsaunukan Adamawa ne, arewa da Ngaundere. Sai dai a yi wa Turawan adalci kaɗan: in damina ta yi ƙarfi, ruwan Logon yakan tumbatsa ya bi fadamun Tufuri ya faɗa Mayo Kebbi, shi kuma ya kai wa Binuwai.

Wasu sunayen ba su da wata illa. Turawa na ce wa Bahar Maliya jan teku, alhazanmu kuwa da suka gan shi a Jidda sun shaida shuɗi ne. Namu sunan ya fi gaskiya, don daga Larabci muka aro shi, ma'anarsa ruwa mai gishiri, kuma yana cikin tekunan da suka fi kowane gishiri. A Marwa baƙo zai ji ana Mayo Kaliyawo ya zaci zai ga jiragen kwale-kwale, ya je da rani ya tarar da yara na buga ƙwallo a kan yashi. A Chadi akwai Bahar Gazal, sunan babban ruwa ke nan, amma busasshen kwari ne wanda ruwan tafki ba ya shiga sai a shekarar da ya cika ya batse.

To, amma akwai inda suna kan zama maganar dukiya. Tekun Kasfiyan, tsakanin Rasha da Iran, ba shi da mafita zuwa wani teku, saboda haka a ƙa'idar aji tafki ne, mafi girma a duniya, wajen murabba'in kilomita 371,000. Mutanen da can sun ga faɗinsa, sun ɗanɗana sun ji gishiri, suka ce teku. Ba a damu ba sai da Tarayyar Sobiyat ta wargaje cikin 1991, masu gaɓarsa suka tashi daga biyu suka zama biyar, ga kuma man fetur da iskar gas kwance a ƙarƙashinsa. In teku ne, kowa zai ci gwargwadon tsawon gaɓarsa. In tafki ne, Iran, mai gajeriyar gaɓa, ta ce a raba daidai wa daida. Sai a watan Agusta 2018 suka sa hannu a garin Aktau na Kazakistan, suka ba shi matsayi na musamman, ba su ce teku ba, ba su ce tafki ba, rabon ƙarƙashin ruwa kuwa aka bar wa maƙwabta su daidaita tsakaninsu.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Tafkin Chadi. Kalmar Chadi kanta a bakin Barebari babban ruwa take nufi, ashe ke nan in mun ce Tafkin Chadi, tafkin tafki muka ce. Wannan abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne, kalmar tafki takan sa mutum ya zaci wani kwano ne mai baki tsayayye. Chadi ba haka yake ba. Ba shi da zurfi, ƙasar da ke kewaye da shi shimfiɗaɗɗiya ce, kusan duk ruwansa kuma Shari da Logon ne ke kawo shi daga kudu. In ruwa ya ragu da kamu ɗaya, baki yakan ja da baya tafiya mai nisa. Cikin 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 ya rabu biyu, zuwa tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba.

Masunta ba taswira suke bi ba, kifi suke bi. Da ruwa ya janye daga wajen Nijeriya, masunta da manoma, Hausawa da Barebari da sauransu, suka yi ta bin bakinsa suna kafa ƙauyuka a inda takarda ta ce ruwa ne. Mafi girmansu shi ne Darak. A ganinsu suna bakin tafkin da suka saba ne, ba su ƙetare komi ba, hukumomin Borno ma suka ɗauke su nasu. Amma iyakar da Ingila da Faransa suka shata cikin 1919, suka tabbatar cikin 1931, miƙaƙƙen layi ne da aka ja a kan ruwa, layin kuwa yana nan inda yake ko da ruwan ya tafi. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg cikin 1994. Har sai da alƙalai suka zauna neman inda bakin kogin Ebeji yake, don takarda ta ce layi ya tsaya a inda kogin ke shiga tafki, tafki kuwa ya gusa. Ran 10 ga Oktoba 2002 aka yanke hukunci cewa Darak ƙasar Kamaru ce, a watan Disamba 2003 Nijeriya ta janye ma'aikatanta. Dubban mutane suka wayi gari a wata ƙasa, kowa yana cikin ɗakinsa. A ra'ayinmu hukuncin ya bi doka, amma wanda ya ce waɗannan talakawa ganganci suka yi bai san Chadi ba.

Ruwan kuma bai tafi ke nan ba kamar yadda wasu ke faɗa. Gefen kudu, wanda Kamaru ke ciki, bai ƙafe ba ko a shekarun farin nan, kuma a shekarun ambaliya irin 2022 da 2024 gonaki da yawa da aka yi a tsohon gindinsa sun koma ƙarƙashin ruwa. Manomin da ya shuka masara a wurin ya san haya yake yi. Ɗalibin da ya koyi Chadi daga tsohuwar taswirar bango, mai shuɗin zane guda ƙato, shi ne ke cikin duhu.

Muna roƙon masu karatunmu na Blangwa da Darak da Hile Alifa su aiko mana da sunayen da masunta ke kiran mashigai da tsibirai da fadamun wurinsu, da ma'anar kowane in an sani, da watan da ruwa ke shigarsa da watan da yake barinsa. Abin da ya samu za mu buga a wannan fili.