Kujama Ko Kafanchan: Ina Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Koma?

Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, riƙon mota ya zama wani haraji a wuyan ƙaramin ɗan kasuwa. Masu gudun tsadar Kaduna sukan hangi Kujama, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun. A ganinmu, araha ba ta ado: wanda cinikinsa ke cikin Kaduna, abin da ya rage a haya zai biya shi a kuɗin mota kullum.

Kafanchan ta fi cancanta. Gari ne da ya bunƙasa a gefen mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, don haka kasuwa, bankuna da asibiti ba su da nisa da juna. Ƙafa ko Keke Napep sun wadatar. Kusancinsa da duwatsun Kagoro da tudun Jos ya sa zafinsa bai kai na Kano ba. Ga kuma cinikin citta, duk da annobar da ta cinye gonakinta a 2023.

Sai dai duk wanda bai manta rikicin 2011 ba, ya fara kama hayar shago, ya gwada shekara guda kafin ya sayi fili.