Miji da Mata a Kan Keke Zuwa Dutsen Gambaga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a unguwar Sakasaka ta Tamale bayan sallar asuba, a gefen masallacin da marigayi Afa Ajura ya kafa, ya ga yadda mata ke wucewa a kan kekuna, wata da buhun masara ɗaure a baya, wata da jarkokin ruwa, wata da ɗanta goye, alhali mayafinta bai zame ba kuma mutuncinta bai ragu ba, to ya san cewa a Tamale hawan keke ga mace al'amari ne da jama'a suka daɗe da yarda da shi. Abin da nake kira a kai shi ne a ƙara wa wannan ni'ima faɗi: miji da matarsa su ɗaura guzuri, su hau kekunansu, su yi safara ta kwanaki zuwa duwatsun arewa, domin ganin ƙasar Allah da kuma sanin juna.

Na san za a ce wannan bidi'ar Turawa ce masu yawon buɗe ido. Amma wanda ya karanta tarihin fatake ya san cewa ayarin da madugu ke jagoranta daga Kano zuwa Salaga neman goro, tafiyar watanni a ƙasa, ba maza kaɗai ke cikinsa ba, akwai mata masu ɗaukar kaya, masu girki a zango, masu kasuwancin kansu, kuma da yawa daga zangunan ƙasar nan a kan wannan hanya suka samo asali. A fannin shari'a kuwa, miji shi ne mafificin abokin tafiyar mace, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, ta tsere masa, daga baya kuma ya tsere mata.

Hanyar ma ba ɓoyayyiya ba ce. Daga Tamale a bi titin Bolgatanga ta Savelugu da Nasia har Walewale, tafiyar da ta haura kilomita 100, wadda ta wuce nisan da malaman Malikiyya suka ƙayyade wa ƙasaru, saboda haka matafiyan suna da rangwamen sallar matafiyi. Daga Walewale sai a karkata gabas zuwa Gambaga, inda Turawan Ingila suka ajiye hedkwatar yankin arewa kafin su mayar da ita Tamale a 1907, sannan Nalerigu, fadar Nayiri sarkin Mamprusi, inda har yau ake ganin ragowar ganuwar Naa Jaringa, sannan Nakpanduri, inda ƙasa ke yankewa gaba ɗaya, mutum ya tsaya a bakin dutse ya hango sararin ƙasar Kusasi shimfiɗe har iyakar ganinsa.

A nan ne nake son mai karatu ya dakata. A kan shimfiɗaɗɗen titin cikin gari kowa gwani ne, amma idan hawa ya miƙe, sarƙa ta fara kuka, gumi ya cika ido, ƙafa ta yi nauyi a kan feda, a sa'an nan halin namiji yake bayyana, domin wanda ya fi ƙarfi yana da zaɓi biyu: ya wuce ya jira a sama yana ƙorafi, ko ya sassauta, ya kwashe kayan da ke bayan kekenta ya ɗora a nasa, in ta sauka tana turawa shi ma ya sauka. Mu'amalar aure da malamai ke yi mana wa'azi a kanta kowace Juma'a, ta rahama da tausasawa da shawara, a kan irin wannan hawa ake aikata ta a zahiri, kuma sau da yawa sai ka tarar matar, wadda ta saba da dakon ruwa da itace, ita ce ta fi juriya idan rana ta take. Gangara kuma ta fi hawa haɗari, musamman gangaren Nakpanduri mai kwane-kwane, inda wajibi ne a duba birki kafin a sauka, a bar tazara tsakanin kekunan, a riƙa matsa birki ana saki.

Guzurin ba shi da tsada: keke mai giya, famfo, kayan faci, ruwa mai yawa, dabino da ƙuli-ƙuli, fitila. Lokacin da ya dace shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, a fita da asuba a huta da azahar. Watannin Maris da Afrilu, da zafi ke kaiwa digiri 40, a ƙaurace musu.

Abin da ke damuna shi ne babura da masu kasa kaya sun soma cinye hanyoyin keke da Tamale ta yi suna da su, har matasa suna ganin keke alamar talauci ne. Ina roƙon hukumomin birni su tsare waɗannan hanyoyi. Kai kuma maigida, kafin hunturu mai zuwa, ka gyara wa uwargida kekenta, ku fara da Savelugu ku dawo, daga nan ku sa ranar tafiya Gambaga.