Waiwaye: Cikin ɗan dako da teɓar jikansa

Mu da muka tashi muka tarar da Bompai da ranta, jiniyar kamfani ce agogonmu. Kafin ta yi kuka titi ya cika da kekuna, daga Gwagwarwa, daga Tudun Wada, daga Dakata, kowa ya naɗe ƙafar wando, kwanon abinci ɗaure a bayan sirdi. Da yawa cikin kekunan Raleigh ne, kuma a nan Kano ake harhaɗa su. Daga baya Sharada ta buɗe, kashi na ɗaya har na uku, Challawa kuma ta zama matattarar majemu, inda warin fata ke yi wa baƙo maraba tun bai iso ba. Mutanen Ja'en da Panshekara da Kumbotso su ma suka samu wurin zuwa da safe.

Ku tuna mini jikin mutanen nan. Mai sauke dilar auduga a masaƙa, mai jan jiƙaƙƙiyar fata daga kwarmin majema, mai loda buhu a kamfanin matsar man gyaɗa: idan rana ta take suka tuɓe riga, ciki a shafe yake, kwiɓi kuwa ko tsunkule ba ka samu. Babu wanda ya taɓa kwantawa ƙasa yana lanƙwashewa yana miƙewa don ya gyara ciki. Da an ce wa ɗayansu ya yi hakan bayan an tashi aiki, da dariya za ta kayar da shi.

Gado suka yi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama dukiya, kuma dalar gyaɗar nan da ake jingina wa sunan Alhassan Ɗantata a kan mutane aka gina ta, buhu-buhu, mutum na taka buhun ƙasa yana hawa da wani a kai. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa dalar, amma 'yan dako ba su ƙare ba, kamfanoni suka kwashe su. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda ake ɗora kaya ya san tsarin. Mutum ya gyara gammo, ya buɗe ƙafa, ya ja numfashi, ya ɗaure ciki tamau, abokai biyu su wurgo masa buhu. Daga nan har inda zai sauke, cikin nan ba ya lanƙwashewa. Riƙewa yake yi, yana hana ƙashin baya karkata hagu ko dama. Aikin da aka halicci naman ciki dominsa ke nan, kuma shi muka manta.

Yau kuwa ka leƙa filin sukuwa ko filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da sassafe, ka ga 'ya'yanmu. Yaro ya kwanta rigingine, abokinsa ya danne masa ƙafa, yana tashi yana komawa, sau 100, sau 200, kullum ta Allah, wai so yake cikinsa ya fito gida-gida shida irin na 'yan ƙwallon da yake gani a waya. Ina yaba himmar, Allah ya sani. Gara wannan da zaman majalisa. Sai dai wahalar ta fi ribar yawa.

Naman ciki ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Akwai tsokar gaba, wadda ta sauko daga haƙarƙari zuwa mara, ita ce mai gida-gidan da samari ke bege. Akwai na kwiɓi, hawa biyu, masu tafiya a karkace. A can ƙarƙashi kuma akwai wadda ta zagaye ciki a kwance, ba a ganinta ko kaɗan, alhali da ita ɗan dako ke tsayawa. Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya shafe shekaru yana auna abin da motsi iri-iri ke yi wa ƙashin baya. Ya nuna cewa wannan kwanta-tashin da yaranmu ke yi yana danna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya da nauyin da ya haura kilo 300, kuma maimaita lanƙwasa baya ba ƙaƙƙautawa shi ke gajiyar da faifan. Abin ya fi muni da farkawa daga barci, domin faifan kan sha ruwa ya cika cikin dare. Wato lokacin da samarinmu suka fi so, bayan sallar asuba, shi ne ya fi rashin dacewa. Ko sojan ƙasa na Amurka sun cire kwanta-tashi daga gwajin ƙarfin jikinsu, tun 2022 tsayuwa kan gwiwar hannu suke aunawa.

Kada daɗin tuna baya ya sa mu yi wa tarihi kwalliya. Dako ya gina ciki, ya kuma karya mutane. Dukanmu mun san dattawan da suka ƙare da ciwon baya, suna tafiya a duƙe, da waɗanda gwaiwa ta kai asibiti. Ba don sun rasa ƙarfi ba, sai don kaya ba ya jiran jiki ya huta. Wanda bai fito ba yau, gidansa ba a ɗora tukunya. Tsoka kuwa a wurin hutu take ginuwa. Aiki yana gajiyar da ita, barci da abinci su gyara ta ta fi da. Jiki magayi, in ji mutanen da, amma talauci bai bar su sun saurare shi ba.

Mu da muke da zaɓi, sau nawa ya kamata? Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce babba ya ƙarfafa manyan tsokokin jikinsa aƙalla kwana 2 a mako, ya kuma samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri ko tuƙa keke. Ciki yana cikin wannan lissafi, ba shi da wata doka ta daban. Sau 2 ko 3 a mako ya wadatar, da aƙalla kwana guda a tsakani, a ce Litinin, Laraba da Asabar. Minti 10 zuwa 15 sun isa. In ciki na tsami har dariya na yi maka zafi, ranar hutu ce.

Yadda ake yi ma ba ya bukatar ƙarfe ko kuɗin rajista, tabarma ta isa. Da farko mutum ya koyi ɗaure ciki, yadda ɗan dambe ke yi in ya hango ƙulli na nufo shi, amma yana ci gaba da numfashi. Mai hawan jini ya kiyaye wannan sosai, riƙe numfashi yana ɗaga jini. Sai a kifa ciki a tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, ƙugu bai lotsa ba bai kuma tashi sama ba. A juya a yi haka ta gefe, hagu da dama, saboda kwiɓi. A durƙusa kamar mai rarrafe, a miƙa hannun dama da ƙafar hagu, a sauya. McGill ya fi son a riƙe daƙiƙa 10 a saki a sake, a kan a nace minti biyu jiki na karkarwa baya na lotsawa. Wanda na fi so kuwa namu ne tun asali: ɗauki jarkar ruwa a hannu ɗaya, ka yi taku 30 a miƙe ba ka jirkice ba, ka sauya hannu. Fara da rabin jarka, sannu ba ta hana zuwa. Mace mai jego ta bari sai an duba ta a asibiti tukuna, domin goyon ciki kan raba tsokar gaba gida biyu, kuma kwanta-tashi ba ya taimakon haɗuwarta.

Saura teɓa, wadda ita ce ainihin abin da ke damun yawancinmu. A 2011 wasu masu bincike a Amurka sun sa mutane atisayen ciki kwana 5 a mako har mako 6. Tsokar ta ƙara juriya, kitsen ciki bai ragu ba. Jiki ba ya ƙona kitsen wurin da kake motsawa, daga ko'ina yake ɗiba. Cikin iyayenmu ya shafe ne saboda keke safe da yamma, da tsayuwar wuni, da cimar da ba ta wuce koko da ƙosai da fura da tuwon dare ba. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, wutar lantarki ta yi ta gaza wa injina, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu gine-ginen suka koma ɗakunan ajiye kaya. Jikan mai keke ya hau acaɓa, da aka hana acaɓa a 2013 ya koma cikin Adaidaita Sahu, yana zaune daga hantsi har isha, lemon kwalba a gefe. Wannan cikin ba zai sauka da kwanta-tashi 200 ba. Tafiya yake so, da rage sukari da loma.

Ga mai son sanin inda ya kwana, igiyar awon tela ta fi sikeli faɗin gaskiya. A zagaya ta daidai saitin cibiya, ba a ƙasan tumbi inda muke ɗaure tazuge ba, kuma ba tare da an shanye ciki ba. Namiji in ya kai santimita 94, wato inci 37, mace kuma santimita 80, kusan inci 31 da rabi, likitoci na ƙirga su cikin masu hatsarin ciwon sukari da na zuciya. Sau ɗaya a wata ya isa a auna, da safe kafin karin kumallo.